Goggo da Ƙashin Hular Fitila

Duk layin nan Goggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta yana maƙale tsakanin na mai gyaran takalma da wani kantin magani, ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace kafaɗa. Hular fitila take yi, wato rufin nan da ake kifa wa fitilar tebur ko ta tsaye don haske ya yi laushi, ya daina tsone wa mutum ido. Tana ɗinka sababbi, tana kuma farfaɗo da tsofaffin da suka yage ko suka ƙone. In kana son ganin ɓacin ranta, leƙa ka ce, "Wai har yanzu ana sayen irin wannan?" Za ta dube ka ta saman tabarau, ta kunna fitila tsirara ta haske maka fuska, sannan ta kifa hular a kai ta ce, "To, wanne ka zaɓa?"

Aikin ya rabu gida biyu, kuma tun suna da ƙuruciya ita da mijinta suka raba shi. Akwai ƙashi, akwai riga. Ƙashi shi ne wayar da ake lanƙwasawa, zobe a sama, zobe a ƙasa, sai haƙarƙarin da ke haɗa su. Wannan na Baban yara ne, haka take kiransa. Riga kuwa tata ce: ta naɗe wayar da siririn ƙyalle, ta ja yadi a kai har ya yi ɗam, ta ɗinke, ta sa shafi a ciki, ta bi baki da geza. Shi ya ce rigarta ce ke ɓoye kyan aikinsa, ita ta ce ba don rigarta ba wa zai kalli abin nan, sai ka ce kejin kaji. Mai takalma ya sha faɗa cewa ranar da bai ji wannan musun ta bango ba, sai ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ana nan, wata safiya Baban yara ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Allah ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo da ɗan ɗingishi, amma hannun dama ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba. An yi gashi, an yi motsa jiki, shiru kake ji. Tun daga nan bawan Allahn nan ya kafa kujera a bakin tagar falo, ya ƙi ko jin sunan shago. In ta dawo da yamma tana ba shi labarin wanda ya zo da wanda ya tafi, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Ƙasusuwan da ya bari ta yi ta yi wa riga, ɗaya bayan ɗaya, suna ta raguwa. Ba sai an gaya mata ba, ranar da na ƙarshe ya fita shago ya mutu ke nan, don riga ba ta tsayawa a kan iska.

Autarsu, wadda ke aikin ofis, ta zo da maganar da ta daɗe tana taunawa.

"Mama, ki rufe shagon nan mana. Kin yi aiki, kin gaji. Muna nan, me za ki nema ki rasa?"

"Allah ya yi miki albarka," in ji Goggo. "In na rufe, in yi me da hannuwan nan? In jawo kujera kusa da ubanki mu riƙa gadin taga tare?"

"To wa zai yi miki ƙashin?"

Tambayar ta sami Goggo daidai inda ke ciwo.

Ta gwada mai walda na bakin titi, mai yin ƙofofi da tagogi. Yaron kirki ne, bai yi mata ƙyashi ba, sai dai hannunsa ya saba da ƙarfe mai kauri. Ya taɓa wayarta da wuta, ta narke kamar kitse. Da ya ga haka sai ya ɗauko rodi ya yi mata nasa, ya kawo yana washe baki.

"Goggo, wannan har jikokinki!"

"Na gani, ɗana," ta ce, tana ɗaga abin da hannu biyu. "Har tukunya sai a ɗora a kai. Sannu da ƙoƙari."

Cikin wannan hali ne wani direban babbar mota ya shigo da abu a buhu, yana sosa ƙeya. Hular fitilar mahaifiyarsa ce, irin ta da, mai siffar ƙararrawa, haƙarƙarinta a lanƙwashe. Wajen kwaso kayan tsohuwar zuwa gidansa ne ya jibga katifa a kai. Gefe guda ya lotsa, haƙarƙari biyu sun karkace, ɗaya ya rabu da zobensa.

"Goggo, ki rufa min asiri. Tun ranar ba abin da ke haɗa ni da ita sai gaisuwa. Na sayo mata sabuwa ta roba, ta ce in kai bayan gida in rataya."

Ta buɗe baki za ta ce mai ƙashin ba shi da lafiya. Maganar ta zo har bakin harshe, ta ji ɗacinta. In ta faɗa yau, gobe ma za ta faɗa wa wani, daga nan kuma sai kwaɗo a ƙofa. Ta haɗiye ta ce, "Ajiye ta. In ka dawo daga tafiyar nan ka biyo."

Direba na fita, mai takalma ya zuro kai. "Goggo, wa zai yi?"

"Ni."

"Ke?"

"A'a, kakarka."

Ta farke tsohuwar rigar a hankali, silikin yana marmashewa a yatsunta, ta adana shi don ta yanka sabo a kansa. Sannan ta je teburin mijinta ta ɗauki filaya. Shekara da shekaru tana ganin yana yi, ashe gani da wutsiyar ido ba iyawa ba ne. Ta kama haƙarƙarin da ya karkace, ta kai shi daidai inda take so, ta saki. Ya koma. Ta sake kai shi, ya sake komawa. Ta yi gaba da shi, ta yi baya, ta yi gaba, sai ji ta yi ƙas! Ya karye a hannunta. Kayan mutane, kayan tsohuwa! Ta zauna daɓas, tsoro ya kama ta sosai, ta yi kukanta a bayan labule inda mai takalma ba zai ji ba. Da ta gama ta wanke fuska, ta auna karyayyen, ta yanko sabuwar waya.

Washegari Auta ta yi tafiya, babu mai zama da Baban yara, ga direba zai dawo. Dole Goggo ta kwaso aikin zuwa gida. Ba dabara ta shirya ba, wallahi, da da wani ɗakin mai tebur da can za ta shige. Ta zauna a teburin cin abinci, bayan kujerarsa. Da ya ji ƙarar filaya, ya ƙara rediyo. Ita ma ta yi kunnen uwar shegu da shi, ta ci gaba.

Ƙa'idar aikin ita ce, in ka ajiye ƙashi a kan tebur ya zauna shiru. In yana rawa, duk iya ɗinkinka rigar sai ta yi tattara. Ta ajiye, ta taɓa, ya yi ƙwas-ƙwas. Ta danne gefen da ya ɗaga. Ƙwas-ƙwas. Ta ƙara dannewa.

"Ba nan ba ne," in ji Baban yara, ko juyowa bai yi ba.

"Da ni kake?"

"Da wa zan yi, da rediyo? Gefen da ya ɗaga ba shi da laifi. Duba maƙwabcinsa, shi ne ya sauka."

"Ai ba ka gani ba."

"Ina ji. Tun ɗazu kike gana min azaba."

Ta duba, haka ne kuwa. Ta kama, ta kai shi daidai, ta saki, ya koma gidan jiya. Sai ta ji kujera tana jan ƙasa. Ya juyo.

"Haba! Waya kike yi wa aikin yadi? Ke kin saba ki ja yadi, ki tsaya daidai inda kike so, ki kafe. Waya sai kin wuce da ita kaɗan, ki sake ta, ita za ta dawo ta zauna da kanta. Sau ɗaya ake yi. In kina kai ta kina dawowa, karyewa za ta yi."

"Ta riga ta karye jiya."

"Ash-sha! Kawo nan."

Ya yunƙura da kafaɗa zai miƙo hannun dama kamar yadda ya saba. Hannun bai tashi ba. Ya karɓa da hagu, ya matse, bakin filayar ya zame, ta faɗi ƙasa ta yi ƙara. Su biyun suka tsaya suna kallonta. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kwashe kayan nan. Yarinyar nan ta yi gaskiya, ki rufe shagon."

Goggo ta sunkuya ta ɗauki filayar. Tausayinsa ya cika mata ciki, haushinsa ma haka.

"Ba zan rufe ba, Baban yara. Kana zaton kai kaɗai hannun nan ke yi wa ciwo? Ni ma yana yi min, kullum na kalli teburinka. Amma hannunka ne ya kwanta, kanka yana nan garau, yanzun nan ka ji karkatar waya da kunne. Ga hannuwa biyu nan, tsofaffi ne amma suna motsi. In za ka faɗa min, faɗa. In ba za ka faɗa ba, koma wa tagarka, ni kuma in yi ta karyawa har in iya, ko wayar garin nan ta ƙare."

Ya dubi filayar da ke hannunta. Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Wa ya ce miki haka ake riƙe filaya?" ya ce a ƙarshe. "Almakashi ce? Matso da hannunki."

To fa! Daga nan gidan ya koma makaranta, malamin kuma ba shi da sauƙi. Ya sa ta lanƙwasa sabon haƙarƙari a jikin kwalba, ya ce ya yi ciki, a sake. Ta sake, ya ce ya yi miƙe, a sake. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta ɗaure da ƙyalle. Ta ce masa ashe haka yake da mita, shi ya sa bai taɓa riƙe almajirin sana'a ba. Ya ce ai bai taɓa samun mai taurin kai irinta ba. Wajen liƙi da dalma shi ya danne ƙashin da hannun hagu, ita ta kai wutar, ta ƙona babban yatsa ta tsotse ta ci gaba. Da rana ta yi tsaka a kwana na uku ta ajiye ƙashin a tebur, ta taɓa nan, ta taɓa can. Ko motsi bai yi ba.

Sauran aikin kuwa gidanta ne. Ta goge tsatsa, ta shafa fenti, ta naɗe, ta nemo siliki mai ruwan zuma kusa da na da, ta ja shi ya kwanta luf a kan haƙarƙarin da ta lanƙwasa da hannunta. Ba ta tambaye shi komai ba a nan, shi ma bai yi gigin sa baki ba.

Ranar da direba zai zo, ta fito da hular a kwali sai ta tarar da Baban yara a bakin ƙofa, ya sa takalmi, yana dogare da sanda.

"Ina zuwa?"

"In kika karkatar da ita wajen ɗorawa fa?"

Sai ta rage sauri. Suka bi layin a hankali, mai takalma ya miƙe tsaye da guduma a hannu, baki buɗe.

Direba ya zo, ta ɗora hular a kan fitila ta kunna. Haske ya cika silikin, haƙarƙari suka fito ta ciki a jere, babu wanda za ka nuna ka ce shi ne sabo. Mutumin ya zagaya ta, ya sake zagayawa, sannan ya durƙusa gaban Baban yara.

"Baba, ashe ka warke! Aikin hannunka ba ya ɓuya. Allah ya ƙara lafiya!"

Goggo ta shiga gyaran geza. Ta yanke a ranta za ta bar masa wannan, ko da duk layin zai yi ta faɗa har abada. Me za ta rasa?

Baban yara ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, wanda tun da ya kwanta yake ɓoyewa a cikin riga, ya ajiye shi a kan tebur a gaban kowa.

"Wannan ya gama nasa, ɗana," ya ce. "Ita ta yi. Daga yau in kana da ƙashi, ita za ka kawo wa."

Goggo ta juya baya kamar mai neman wani abu a kanta, don idonta ya kawo ruwa, kuma ba ta san na murna ba ne ko na baƙin ciki. Direba ya rungumi kwalinsa ya fita yana ta godiya.

"Ke muke jira," in ji Baban yara, yana jawo kujera zuwa teburinsa. "Har yanzu ba ki iya zobe ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauko naɗin waya ta yanka.