Rakiyatu, Wadda Ta San Shiruna

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Talata 14 ga Janairu 2025, bayan azahar, ina kan bango a shantiye, wato wurin gini, ina jera bulo Abdulnasir ya kira ni a waya, ya ce mahaifiyarsa Rakiyatu ta cika a ɗakinta na unguwar Gataa El Oued. Ciwon ƙoda ya yi shekara biyu yana cin ta. Waɗanda ke wurin sun ce da kalmar shahada ta tafi, ba ta wahala ba a ƙarshe. Wannan kaɗai ya sanyaya mini rai.

Rakiyatu, ni ne Baƙo, ɗan goggonki, taubashinki da kike kira bawan gidanku. Lekkol aji uku na yi aka kore ni saboda surutu, don haka in kin ga harafi ya karkace, ki yi haƙuri. Bangon da nake ginawa ma wani lokaci haka yake.

Duk ɗan Damagaram da ya sauka Tamanrasset da jaka ɗaya ya san rumfar abincinki. Ba kya tambayar mutum daga ina, sai ya ci tukuna. Ni ma da na kawo matata Mairama da yara, wata huɗu muka yi a ɗakinki na baya, kina zagina safe da yamma kina ƙara mini nama. Amma abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Kowa ya san ni da mutuwar ƙarya. In aka kawo motar siminti, sai in dafe ƙirji in faɗi, in ce a kira liman. Na mutu a shantiye ya fi sau goma. To, shekara uku da suka wuce, muna cin shinkafa a rumfarki da rana, wani abu ya soke ni a ƙirji kamar an ɗora mini bulo, ya gangara hannun hagu har ƙaramin yatsa, ya hau muƙamuƙi. Gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan. Na dafe wurin. Abokan aiki suka bushe da dariya, wani ya ce yau ko siminti babu amma Baƙo ya fara.

Kika waiwayo da ludayi a hannu kika ce, "Bawan gidanmu, in za ka mutu ka matsa waje, kar ka ɓata mini tabarma."

Ban ce komai ba.

Shekara arba'in ba ki taɓa jefa mini magana ta faɗi ƙasa ba. Kika ajiye ludayin. Na daure na ce ƙwarnafi ne, a jiƙa mini kanwa. Sai na ga fuskarki ta canza, domin abin da mijinki Salifu ya ce ke nan ranar da ya rasu: ƙwarnafi ne, a jiƙa kanwa. Kin jiƙa masa, ya sha, bai kai la'asar ba. Ba ki taɓa yafe wa kanki wannan kofin ba.

Kika bar tukunya a wuta, kika tare taksi a tsakiyar titi da hannu biyu. A asibiti aka ce jini ne ya daskare ya toshe jijiyar zuciya. Suka yi mini allurar da ke narkar da shi, na yi kwana tara. Lokotoro ya ce da na tsaya jiran kanwa, da sai dai a ba yarana labarina. Ranar da aka sallame ni kika sa na yi alkawari gaban Mairama: duk lokacin da ƙirjin nan ya motsa, ba wasa, ba kanwa, ba na zama likitan kaina. Bara na aurar da ɗiyata Jannatu da bakina, ina zaune a tsakiyar mutane. Ke kika ba ni wannan zaman, da ikon Allah.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Ranar jana'izarki na ɗauki makararki a kafaɗar hagu, na ƙi ba kowa wuri har maƙabarta. Washegari da hantsi, muna zaman makoki, sai ga sukar ta dawo, ƙirji da hannu. Na duba rumfar, babu mai gane shiruna. Bakina ya so ya ce ƙwarnafi ne, don kada in tayar da hankalin mutane a kan nasu. Sai na tuna alkawari. Na tashi na ce wa Mairama, ba da dariya ba, "Ɗauko mayafinki, mu je."

A asibiti suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini sau biyu, muka yi ta jira Mairama na ta jan casbi. Da lokotoron ya dawo, ya danna tsakanin haƙarƙarina da yatsa, na yi ƙara har Mairama ta saki casbin. Ya ce zuciya lafiya lau. Ya ce irin wannan suka tana da iyaye da yawa: zuciya, huhu, ƙwarnafin gaske, jijiyar wuya da ta matse, firgici, ko tsoka da ta ja, kuma daga gida mutum ba ya iya bambance su, zuwan da na yi shi ne daidai. Sannan ya tambaye ni wane nauyi na ɗauka jiya.

Na ce taubashiyata.

Mairama ta yi dariya tana hawaye, ni ma haka. Kin ga, Rakiyatu, ko a makara sai da kika ci ni, kika kai ni asibiti karo na biyu. Na yarda, wannan ba ni da ramuwa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Salifu a Aljanna, ya cire miki nauyin kofin nan. Abdulnasir da Khalida, 'ya'yan Rakiyatu, da dangi na nan da na Damagaram, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ƙofata a buɗe take gare ku, kamar yadda tata ta kasance gare ni. Amin.

Baƙo Issa, magini
Gataa El Oued, Tamanrasset