Ranar da Baba ya sake ɗaura hannu

Ƙanena ne ya jawo mana, shi da wayarsa. Ya zo gida Nahuce daga Gusau yana nuna wa Baba damben Turawa, na masu matsakaicin nauyi, yana cewa na yanzu sun fi na da sauri da dabara, ko a can ko a nan. Baba kuwa tsohon ɗan dambe ne, da ƙuruciya babu filin da bai zaga ba daga Bunguɗu har Tsafe.

"Mutanen da aka aunawa bisa sikeli kamar buhun gero?" in ji Baba. "Mu wanda duk ya hito shi muka dama. Na yanzu ko ɗaya ba ya tsayawa gabana."

Muka yi dariya, ashe kuskure muka yi. Da kaka ta yi aka buɗe fili a Kucheri, sai ga Baba ya zaro tsohuwar igiyarsa ta ɗaure hannu. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga sallah! Inna ta yi magiya har ta gaji. Ni dai na bi shi, ina jin kamar in shaƙe ƙanena.

A filin, wani tsohon makaɗi ya gane shi, ya saki kalangu da kirarinsa na da. Baba ya shiga yana tangaɗi, ya miƙa hannun neman karawa ga wani ƙato, matashin da ake ji da shi a shekarar. Na san naushi ɗaya zai iya raba mu da uba.

Matashin ya fito, ya gyara tsayuwa, ya zagaya Baba. A dambe duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Sai kawai ya durƙusa, ya kafa gwiwa a gaban tsohon.

"Baba, ka kashe ni," ya ce.

Fili ya kaure da ihu. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala, daɗi har da hawaye.

A mota na kwance wa Baba igiyar.

"Yaron ga ya hi ni," ya ce a hankali. "Ni a zamanina, da na buge tsohon."