Giginyoyin Kwargaba

Har na aje aiki ban manta da safiyar da anka aike ni Kwargaba in shafa wa giginyoyi jan fenti ba. Lokacin ina ƙaramin malamin daji a Wurno. A ƙa'idar aikinmu, itacen da malamin daji ya shafa wa fenti, ya kuma sa hannu a takarda, an halatta sare shi ke nan.

Maigidanmu na ofis ne ya samo dashen wani itace daga Jos, ana ce mashi fain. Ganyensa kamar allura, ba ya fure, irinsa cikin wani ƙwanso mai tauri yake. Maigida ya ce a share bakin fadama, inda giginyoyin suke, a jera su.

Ina cikin aiki sai ga Baba Ummaru, dattijon da ke noman albasa a wurin.

"Malam, mi giginya ta yi maku?"

"Baba, umurni ne daga ofis."

"Ɗaga kanka ka gani."

Na ɗaga. Tsattsewa ce cike da sama, suna ta shawagi suna kamun ƙwari. Ya nuna mani bayan wani ganye: 'yar sheƙa liƙe da miyau, da ƙwai biyu manne a ciki.

"Wagga tsuntsuwa ba ta sauka ƙasa, kuma nan ta saba yin ɗiya. In kunka sare, ina za ta?"

Na koma na faɗa wa maigida. Ya ce, "Mai fiffike ba ya rasa wurin zuwa. Sa hannu."

Ban shekara da kama aiki ba. Na sa.

Anka sare giginyoyin, anka fasa azara. Munka dasa fain, muna ba su ruwa duk rani, amma itacen tudu mai sanyi ne. Kafin ruwan fari duk sun ƙone.

Baba Ummaru bai taɓa yi mani gori ba har ya rasu. Daga baya na binne ƙwallon giginya a wurin, na roƙi manoma kada su tone don muruci. Yanzu giginyoyin sun fi ni tsawo, amma tsattsewa ba ta dawo ba. In na biyo hanyar da la'asar nakan kashe babur in daɗe ina duban sama.

Shi ya sa nake gaya maku, ku da kunka gaje mu: kafin ku sa hannu a kan itace, ku nemi wanda ya tsufa kusa da shi, ya faɗa maku wa ke zaune a kai.