Daga Katabu Zuwa Unguwar Dosa da Guntun Sabulu a Aljihu

Katabu, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ina idar da sallah na kama hanya, ko koko ban tsaya sha ba, don gidan ya yi mini zafi. Matata Hajara tana da ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da batir, ta zuba ƙwai arba'in da takwas, saura kwana guda su fara fashewa. Ni kuma ina da akuya. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe, akuyar ta shiga ta tauna kan wayar da ke kai wuta daga batir zuwa injin. In ƙwan suka huce, 'yan tsakin sun mutu a ciki, kuma wannan ce sana'ar farko da Hajara ta kama da kanta, maƙwabta na yi mata dariya wai za ta yi kaji babu uwa.

Injin ba ya ɗaukuwa da ƙwai a ciki. Sai ta yanki guntun sabulu ta danna a bakin da wayar take shiga, shatar ta fito raɗau: zobe guda, ido biyu a tsakiya. Ta naɗe a leda ta miƙo mini, ta ce ita za ta riƙa jera kwalaben ruwan ɗumi tana rufa bargo har in dawo. Na so in yi dariyar sabulun, na tuna wa ke da akuya, na haɗiye.

Kawo, shida da kwata

Bas ɗin ta cika da masu kai kayan miya. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi abin da na rungume a aljihu haka. Na ciro sabulu. Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce mu wuce, Allah Ya ba da lafiya.

Masu tebur a bakin tasha cajar waya kawai suka sani. Wani ya rantse duk waya waya ce, in dai za a matsa ta za ta shiga. Na yi masa godiya, na sayi ƙosai na ci a tsaye, na hau keke zuwa babbar kasuwa.

Babbar kasuwa, takwas saura

Sai da na yi zaman awa guda kafin a buɗe rumfuna. Ashe wayoyin wuta dangi ne guda, ban sani ba. An nuna mini mai ido biyu ta rediyo, da mai ido uku a dunƙule ta kwamfuta, da mai faɗin kai ta butar lantarki. Akwai mai naɗewa kamar hanjin kaza da ake sokawa a mota, akwai mai rigar zare ta dutsen guga don kada zafi ya narka ta, akwai ƙatuwa mai kaurin roba ta masu walda wadda ake ja a ƙasa a taka ta ba komai. Kowacce na kara da sabuluna, ba ta dace ba.

Abin da ya burge ni da mutanen nan, ba mai cewa babu ya yi shiru. Kowa sai ya tura ka wajen wani, har da kwatance. Rumfa ta tara ce wani Alhaji ya juya sabulun a hannu, ya ce wannan mai zobe ce da ake murzawa ta kulle don kada jijjiga ta zare ta, masu lasifikar mota ke amfani da ita. Ya ce in nemi masu gyara a Abakpa.

Abakpa, sha ɗaya da rabi

Hajara ta kira. Ruwan ɗumi ta canza sau biyar, gawayi ya kusa ƙarewa. 

Mai gyaran da na samu yana da mai zoben, amma ido huɗu gare ta. Ya tsare ni sai na sa hannu a shinkafa da wakensa, ina ci ina duba agogo. Ya ce mutum ɗaya ne ba ya yar da komai, Baba Ɗanjuma a Unguwar Dosa, bayan masallacin da ke da bishiyar darbejiya. Wato wurin da na wuce tun da sassafe.

Unguwar Dosa, ɗaya da minti goma

Bayan azahar na same shi, tsoho mai tabarau ɗaure da zare, gwangwanayen madara jere a bayansa. Bai yi wa sabulun dariya ba. Ya ɗaga shi a haske, ya zazzage gwangwani na uku, ya tsamo wani kai ya kara. Ido da ido suka yi daidai. Don murna har na tashi tsaye.

Ya yanko waya ja da baƙa, ya sa mata maƙalai biyu masu cizon batir, sannan ya tambaye ni wane ido ne na ja. Na ce ai duk ɗaya ne. Ya cire tabarau ya ce in aka juya su injin zai ƙone nan take, sabulu kuwa ba ya faɗin wannan. Na kira Hajara na miƙa masa. Ba ta ko yi jim ba, ta ce akwai lamba a jikin bakin, na ɗaya ne ja, ta duba tun ranar da ta sayo.

Baba Ɗanjuma ya maido mini wayata yana murmushi. "Malam, injiniyar tana gida. Kai ɗan aike ne."

"Haka ne, Baba," na ce. Ya liƙe da darma, ya gwada a batirinsa, ya sallame ni da cewa in sayar da akuyar ko in koyi rufe ƙofa.

Katabu, uku da rabi

Direban dawowa ya tsaya ɗaukar buhunan masara, na sauka na kama masa lodi don mu yi sauri. Daga bakin titi zuwa gida da gudu na ƙarasa, da girmana.

Na tarar da Hajara zaune a ƙasa, hannuwanta sun yi ja saboda ruwan zafi. Ta karɓi wayar, ta soka, ta murza zoben, ta maƙala a batir. Jar fitila ta kama, fanka ta fara juyi. Amma ba mu san ko akwai sauran masu rai a ciki ba. Muka zauna muna jira har aka kira la'asar.

Na miƙe zan yi alwala ta riƙo gefen rigata. "Baban Sadiya, kawo kunnenka."

Na durƙusa na kara kunne a jikin injin. Can ciki, daga cikin ɓawo, wani abu ya yi tsiyu. Wani ya amsa masa, sai na uku. Na ɗago na ga tana dariya hawaye na zuba, ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Allah Ya saka wa Baba Ɗanjuma da duk waɗanda suka yi ta tura ni gaba, Ya sa wa Hajara albarka a kajinta.