Akwatin Noelene a Rijiyar Arewa

Noelene Prowse ta yi ƙuruciyarta tana gyaran layukan tarho a yammacin jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya. Da wannan aiki ya mutu, ta koma kafa wa masu shanu akwatunan da ke lura da ruwa. Ma'aunin da ke cikin tanki yakan aiko da 'yar wuta ta waya, ita kuwa ta zauna a bayan motarta da kwamfuta a cinya tana koya wa akwatin yadda zai karanta: in ƙarfin wutar miliyam huɗu ne tanki ya ƙafe, ashirin ya cika maƙil. In wutar ta gaza huɗu, to waya ta tsinke, sai akwatin ya tura gargaɗi zuwa salular mai shanu. Wannan layin gargaɗi da take rubutawa a cikin umarnin akwatin ba ta taɓa cire wa kowa shi ba, kuma da shi ta yi suna ta ci abinci shekara da shekaru.

Sai ga wani mai shanu, Col Hannaford. Tun da ta kafa masa akwati a rijiyarsa ta arewa, mai nisan tsiya, ya daina zagayen duba ruwa. Fararen aku kuwa suka mai da wayar abin tauna, salularsa ta yi ta ƙara. Maimakon ya sa wayar cikin bututun ƙarfe kamar yadda ta ce, sai ya nemi ta sa akwatin ya riƙa nuna lambar ƙarshe da ya karanta ya yi shiru.

"Haba Noelene, kin cika fitina. Ba abin da zai faru."

"Akwatin da zai faɗi abin da bai sani ba, ba da hannuna ba, Col."

Sai Col ya kirawo ƙanin matarsa ya kashe masa layin gargaɗin a akwatin. A zafin Disamba, lokacin bazara a can, tsuntsaye suka yanke waya, famfo ya tsaya, salula na ta cewa tanki a cike. Shanu suka mutu jingim a bakin busasshen kwamin shan ruwa.

Kafin mako ya zagayo, zancen mashayar giya ta gari shi ne akwatin Noelene ya yi ƙarya. Masu shanun da suka yi mata alkawarin aiki suka daina ɗaga waya. Ta je ta buɗe akwatin, ta ga layinta a kashe, ranta ya ɓaci. Abin takaicin, a nan ba a tona asirin maƙwabci, balle wanda ya gama binne dabbobinsa, kuma Col ya san da haka sarai.

Ta mai da layin, ta sa bututu, sannan ta zare wayar a gabansa. Salularsa ta yi ƙara.

"Karanta da ƙarfi," in ji ta.

Ya karanta gargaɗin, ya mai da salular aljihu. Ranar Juma'a a mashaya aka sake tayar da zancen akwatinta, yana zaune a wurin, ya ɗaga kofinsa ya ci gaba da sha.