Harbin agwagi a fadamar Faransa

Muna tsakiyar fadama a wani ƙauyen Faransa, cikin kwale-kwale, ni da 'yata Rahila. Hutu ne ya kai mu can daga Erdington, inda muke zaune a Ingila. Ko'ina tsit, sai kukan kwaɗi.

Kwatsam na ji harbi, tau! tau! Ban san lokacin da na danne ta a ƙasan jirgin ba, saura ƙiris mu kife.

Tsohon da ke tuƙa mu ya nuna sama. Ashe maharba ne ke harbin agwagin ruwa.

Rahila ta ce, "Daddy, tsuntsaye ne fa."

Na ce, "A garinmu ba tsuntsaye ake harbi ba."

Na daɗe da barin gida, amma kunnena yana can. Ku ma haka naku yake?