Keken Ɗinkin Yaya a Cikin Waƙar Tauraruwa

A da, da hantsi, lokacin da masu shaguna ke share ƙofa, za ka gan shi ya buɗe ɗakin nan na bayan shagon ɗinki. Sai ya cire takalmi, ya goge kwamfuta da wani tsohon ɗankwali, ya zauna shiru da kofin shayi. Ba ya kunna komai sai shayin ya ƙare, wai kunne ma sai ya wartsake kafin a ɗora masa kaya. Shi ya sa ake ce masa Kunne, har sunansa na yanka ya ɓace. Shi mijin yayata ne, kuma tun ina 'yar makaranta nake tsokanarsa: mutum da gemunsa ya rasa sana'a sai danne-dannen maɓallai!

Sana'ar tasa haɗa kiɗa ce da na'ura. Ba irin kiɗan da ke cika rediyo ba, irin wanda matasa ke taruwa a ɗakin da ba allo a ƙofarsa su saurara, suna gyaɗa kai, kowa yana ji da kansa shi ya fara gano shi. Kunne ba ya amfani da sautin gangar da ake samu a shirye cikin kwamfuta. Da ɗan rikodansa yake yawo, ya ɗauki ƙarar ƙyaure, ya ɗauki famfo mai ɗiga. Amma ginshiƙin kowane kiɗa nasa keken ɗinkin Yaya ne. Ya ɗauki sautin tana raye, tana taka feda tana yi masa faɗa ya janye makirfo daga kan yadin mutane. Tun da Allah ya karɓi abarsa, bai fitar da kiɗa ko ɗaya ba wanda babu ƙar-ƙar-ƙar ɗin keken nan a ƙarƙashinsa.

Bara likita ya gaya masa gaskiya: jinsa yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. A cikin wannan hali ne wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a layinmu. Tauraruwar nan ce da fuskarta ke kan allunan talla, wadda ko jinjiri ya san amshin waƙoƙinta. Ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ana cewa muryata kawai gare ni, waƙoƙina ba su da ƙashi. Kiɗanka nake so."

"'Yata, kiɗana kike so, ko sunana kike so ki wanke fuska da shi?"

Ta ce, "Duka biyun, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Wannan amsar ce ta sa ya yarda. Ai kuwa sai duniya ta yi masa caa! Abokinsa mai juya faifai, wanda suka faro tare tun ba su da lasifika sai ta aro, ya zo har ɗakin yana huci. "Kunne, ka tsufa ka zubar da girmanka? Mutanen nan za su tsotse ka su yar, kamar rake. Su goge duk abin da ya sa kiɗanka ya zama naka, su bar maka suna a ƙasan hoto." Kunne bai musa ba. Cewa kawai ya yi, "In sun cire keken, ka yi gaskiya."

Saura ƙiris ya yi gaskiyar. Da aka gama waƙar, manajan kamfanin ya saurara ya yamutsa fuska. Ya ce akwai wata ƙara a ƙasa kamar injin da ke neman gyara, a share ta. Ina wurin, na kawo masa abinci, kuma wallahi na so in yi magana, amma Kunne ya ɗaga mini hannu. Bai roƙi kowa ba, bai kuma faɗi ko keken wace ce ba. Ya ce kiɗan da keken abu ɗaya ne, in ba sa so su bar masa kayansa, babu faɗa. Na san kasadar da ya yi: wannan ce waƙarsa ta ƙarshe, kunnen ba zai kai shi ga wata ba.

Ni ce na bi tauraruwar har mota na gaya mata ko keken wace ce. Ya yi fushi da ni, ya huce. Abin da ta gaya wa kamfaninta ban sani ba, na dai san waƙar ta fito da keken a ciki, kuma shi ke buɗe ta kafin murya ta shigo.

Kai ne, Kunne, ka nuna wa masu kiɗan ɗakin baya cewa fitowa fili ba sayar da kai ba ne, muddin ka fito da kayanka cikakku. Kai ne ka nuna wa masu suna cewa ba a aron mutunci kamar rigar biki, sai an ɗauke shi da nauyinsa. Mai haƙuri, mijin Yaya, na janye maganar danne-dannen maɓallai. Rabinta dai.

Ranar da ya rufe ɗakin, tauraruwar ta zo, mai juya faifai ma ya zo yana sosa ƙeya, ɗauke da babbar lasifikarsa. Aka kunna waƙar. Na ga Kunne yana karkata kai, yana neman sautin, bai same shi ba. Zuciyata ta karye. Sai yarinyar nan ta kama hannunsa ta ɗora a jikin lasifikar. Ya rufe ido, yatsunsa suna bin bugun kiɗan a kan katakon.

"Ga ta nan," in ji shi. "Har yanzu sauri take yi, kamar mai kaya na tsaye a kanta."

Mun gode, Kunne. Allah ya saka maka, ya jiƙan Yaya. Ku kuma masu tasowa, na ɗakin baya da na kan allo, ku haɗa hannu, amma kowa ya san abin da ba zai bari a goge masa ba. In kun ji waƙar a mota ko a shago, ku ɗan rage hira a farkonta. Yayata ce take ɗinki.